Gurbin da na tsallake a na'urar kwamin ninƙaya

Sana'ata haɗa sola ce da kyamarorin tsaro, shagona yana Tudun Wada a cikin garin Gombe. Ban san komai game da kwamin ninƙaya ba sai da wani otel da na yi wa aikin batura da inbata suka sake nemana. Manajan ya ja ni bayan ginin, ya buɗe wata ƙofar ƙarfe, muka sauka matakala huɗu zuwa wani ɗan ɗaki mai zafi da warin kulorin. Injin da ke zagaya ruwa yana ta gurnani, ga tulun filta cike da yashi, ga jarkoki biyu a ƙasa, ɗaya ta asid ɗaya ta kulorin, kowacce da siririn tiyo da ya hau zuwa wani farin akwati a jikin bango.

"Injiniya, wannan akwatin an ce yana iya magana da waya," in ji shi. "Wanda ya kafa shi ya koma Legas tun bara. Alhaji yana so ya riƙa ganin halin ruwan nan ko da yana Abuja. Za ka iya?"

Na ce ya ba ni littafin na'urar in kwana da shi tukuna.

Aikin akwatin ba shi da wuyar ganewa. Wani ɗan bututu yana ɗebo ruwa kaɗan daga babban layi ya bi da shi ta cikin wani kofi mai haske kamar gilashi. A cikin kofin akwai sansa biyu masu kama da biro. Ɗaya tana auna pH, wato ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ɗayar tana auna abin da ake kira ORP, ƙarfin da ruwan ke da shi na kashe ƙwayoyin cuta, da milibolt ake ƙirga shi. In pH ya haura inda aka saita, akwatin ya kunna ƙaramin injin da ke ɗiga asid. In ORP ya sauka, ya kunna na kulorin. A ƙasan akwatin na tarar da ƙananan sukurori uku da ba a ɗaura musu komai ba, an rubuta A, B da GND. A shafukan ƙarshe na littafin kuma akwai wani jadawali mai kan magana Modbus RTU, RS-485. Modbus shi ne yaren da na'urori ke magana da juna, RS-485 kuma tsarin wayar da saƙon ke bi, wato A, B da GND ɗin nan. Da na ga haka sai hankalina ya kwanta, domin inbatoci da yawa da nake haɗawa da wannan yaren suke magana da batura da mitoci. Tsohon tsari ne, wani kamfanin Amurka mai suna Modicon ya fito da shi tun 1979, har yau kuma masana'antu ba su rabu da shi ba.

Akwai wani dattijo da ke kula da ruwan, mutumin Kumo ne, ya fi shekara goma a wurin. Kowa Baba yake ce masa. Yana da 'yar kwalba mai gida biyu da yake ɗiban ruwa a ciki, ya ɗiga jan magani a gefe ɗaya, ya jefa farar ƙwaya a ɗayan, ya ɗaga ta wajen hasken rana ya gwada launi da launi. Tun ranar farko na lura duk shigarsa ɗakin injin, kafin ya dubi allon akwatin, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan babban bututu ya yi shiru na ɗan lokaci. Na gani da idona, ban tambaye shi dalili ba.

Na ja waya mai murɗaɗɗun zare, irin wadda muke ja wa kyamara, kimanin mita 60 daga ɗakin injin zuwa ofishin manaja. Wannan ba wata tafiya ba ce ga RS-485, yana iya kai mita 1,200 in ba a gaggauta saƙo ba. Na sa ɗan abin da ke juya USB zuwa RS-485 a jikin kwamfutata na fara aika tambaya. Shiru. Kwana biyu ina aikawa ba amsa. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka hana ni. Na farko, kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wace waya ce A wace ce B ba, abin da wannan ya kira A wancan B yake ce masa. Sai da na musanya su. Na biyu, saurin saƙo na saita shi daidai, bit 9600 a daƙiƙa (bit shi ne ɗan guntun saƙo, ko 0 ko 1, guda takwas ke yin bayit ɗaya), amma manhajar da nake gwaji da ita tana ƙara wani bit na duba kuskure a ƙarshen kowane bayit, akwatin kuwa an saita shi babu wannan bit ɗin. Matsalar irin wannan layi ke nan, na'urar da ba ta gane saƙonka ba ba za ta ce maka ba ta gane ba, bakinta kawai za ta kama. Ko wayarka ce ta tsinke, ko saurin ne bai yi daidai ba, ko lambar na'urar ka kuskure, duk shirun iri ɗaya ne. Saboda haka dole ka riƙa canja abu ɗaya tak a kowane gwaji, kana rubutawa a takarda.

Ranar ta uku bayan la'asar amsa ta zo. Akwatin yana ajiye kowane karatu ne a wani gurbi mai lamba a cikin ma'ajiyarsa. Jadawalin ya ce pH yana gurbi mai lamba 40001, kuma a raba abin da ya fito da 100. Na cire 40000 ɗin na nemi gurbi na 1. Lamba 650 ta fito. Na raba, ya ba ni 6.50. Na fita da sauri na samu Baba yana kwashe ganyen dogonyaro daga saman ruwa da ragarsa.

"Baba, ruwan nan ya yi tsami da yawa. Shida da rabi yake. Sai an zuba masa soda."

Bai ce komai ba. Ya ajiye ragar, ya ɗebo ruwa a kwalbarsa, ya ɗiga jan maganin nan, ya girgiza, ya miƙo mini. Launin yana zaune tsakanin 7.2 da 7.6, bai ko kusanci rawaya ba.

"Ɗana, je ka sake tambayar kwamfutar taka."

Na sauka ɗakin injin na dubi allon akwatin da kansa. A sama an rubuta 7.42, a ƙasa 650. Ashe ORP na karanto na ɗauke shi a matsayin pH. A jadawali ana fara ƙirga gurabe daga 40001, amma a cikin saƙon da ke bin waya daga sifili ake farawa. Wato 40001 shi ne 0, 40002 shi ne 1. Ɗaya tak na goce, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lambar da ta fito ta yi kama da gaskiya. Da 9,000 ta ba ni da nan take na san akwai kuskure. Amma 6.50 pH ne da ruwa ke iya kaiwa. Da ba don kwalbar Baba ba da mun juye soda a ruwan da lafiyarsa ƙalau.

Bari in nuna saƙon yadda yake, domin sai ka gan shi tsirara kake gane cewa ba wani sihiri a ciki. Ana rubuta shi da ƙirgen da ake kira heks, inda bayan 9 sai A har zuwa F, kowane harafi biyu bayit ɗaya ke nan. Tambayar da na aika bayan na gyara ita ce 01 03 00 00 00 02 C4 0B. Bayit na farko, 01, lambar na'urar da nake kira ce, domin layi ɗaya na iya ɗaukar na'urori da yawa, kowacce da lambarta tsakanin 1 da 247, wadda aka kira kaɗai ke amsawa. Na biyu, 03, shi ne buƙata, ma'anarsa karanto mini gurabe. Sai 00 00, gurbin da za a fara daga kansa. Sai 00 02, gurabe nawa nake so. Biyun ƙarshe, C4 0B, su ne CRC, wani lissafi ne da ake yi a kan duk bayit ɗin da suka gabata. Mai karɓa zai sake lissafin da kansa, in bai samu abin da aka aiko ba ya san saƙon ya lalace a hanya, sai ya watsar. Babu wata alama ta musamman da ke nuna saƙo ya ƙare, shiru ne alamar, gwargwadon lokacin aika bayit uku da rabi, wajen kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa a saurin 9600.

Akwatin ya amsa da 01 03 04 02 E6 02 8A, sannan nasa CRC. Ya maimaita lambarsa da buƙatar, ya ce ga bayit huɗu nan tafe. 02 E6 shi ne 742. 02 8A shi ne 650. Kowane gurbi bayit biyu ne, babba a gaba ƙarami a baya. In ka juya su, E6 02 zai ba ka 58,882.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini a kai shi ne, gurbi ba ya ɗauke da ɗigo, ba ya ɗauke da ma'auni, ba ya ɗauke da suna. Lamba ce zalla daga 0 zuwa 65,535. 742 ba ta san ita pH ba ce. Kai ne za ka san a raba ta da 100. Gurbi na uku ya ba ni 305, shi kuma da 10 ake raba shi, zafin ruwa digiri 30.5. ORP ba a raba shi da komai. Gurabe uku a jere, kowanne da dokarsa. ORP yana ma iya yin ƙasa da sifili in sansa ta lalace, to in ka manta ka gaya wa manhajarka cewa wannan gurbin yana ɗaukar ragi, sai ragi ɗaya ya fito maka a matsayin 65,535. Akwai kuma lambobin da suka fi ƙarfin gurbi ɗaya, kamar jimlar lokacin da injin asid ya yi yana aiki, an raba ta gurabe biyu, kuma littafin bai faɗi wanne ke gaba ba. Sai da na gwada duka biyun na kwatanta da abin da allo ke nunawa.

Na haɗa ƙaramin allon ESP32, wata 'yar kwamfuta mai iya shiga intanet, da guntun MAX485 da ke haɗa shi da layin RS-485, na rubuta masa ya riƙa tambayar akwatin duk daƙiƙa goma yana turawa ta intanet ɗin otel. Na yi shafi mai kyau a waya, lambobi uku manya: pH, ORP, zafi. In suna cikin iyaka su yi kore, in sun fita su yi ja. Manaja ya ji daɗi, Alhaji ya kira daga Abuja ya sa mini albarka. Aka biya ni.

A jadawalin nan, ƙarƙashin gurabe ukun da na ɗauka, akwai na huɗu, 40004. An rubuta a gefensa cewa halin na'ura ne, da wasu ƙananan layuka da ke bayanin bit-bit. Na karanta shi lokacin gwaji, ya ba ni 1, wani lokaci 5. Na ce a raina wannan na masu gyara ne, Alhaji ba ya buƙatarsa. Na bar shi.

Cikin watan Afrilu ne abin ya faru, lokacin da zafin Gombe ke kai wa digiri 40 da rana tsaka. An yi wa Baba rasuwa, ya tafi Kumo zaman makoki. Aka bar wani yaro ya riƙa kwashe ganye, aka ce masa sauran aikin akwatin na yi, manaja kuma yana gani a waya. Daren Talata, wajen juya wuta daga layin gari zuwa janareta, bureka ta injin zagaya ruwa ta faɗi. Injin ya tsaya. Akwatin kuwa bai mutu ba, domin ni da hannuna na ɗora shi a kan inbata tare da ESP32 ɗin don kada ɗaukewar wuta ta riƙa katse bayanai. Ya ci gaba da aunawa, amma me yake aunawa? Ɗan ruwan da ya rage a cikin kofin sansa, a inuwa, a rufe, rana ba ta taɓa shi, ba mai shiga cikinsa. Wannan ruwan bai canja ba sai kaɗan. Akwatin ya yi abin da ya kamata, ya daina ɗiga magani, domin yana da makunnin da ke jin gudun ruwa, kuma zuba asid da kulorin a bututun da ruwa ba ya tafiya hatsari ne babba. Ya kuma sanar. A gurbi na huɗu ya sanar, 1 ta koma 0. Ba wanda ke sauraron wannan gurbin.

Laraba da Alhamis wayar manaja tana nuna kore. A waje kuma rana tana cinye kulorin ɗin da ke cikin lita 108,000 na ruwa mai ɗumi da ba ya motsi. Yaron ya ce ya ga ruwan ya ɗan yi hazo-hazo ranar Alhamis, ya faɗa, aka duba waya aka ce masa lafiya lau. Safiyar Juma'a manaja ya kira ni, muryarsa kaɗai ta ishe ni sanin ba lafiya. Na hau mashin na je. Ruwan ya zama kore shar, gansakuka ta kama jikin tayil, ba ka ganin matakala ta biyu. Ga baƙin biki sun cika otel ɗin da 'ya'yansu. Ya miƙo mini wayar ba tare da ya yi magana ba. pH 7.45, kore. ORP 650 da ɗoriya, kore.

Na ji nauyin abin ƙwarai. Da babu shafin nan nawa, da yaron ya ce ruwa ya yi hazo wani zai sauka ɗakin injin ya ji shiru ya gane. Ni na ba su abin da suka dogara da shi suka daina sauka. Kuma na gode wa Allah da ruwan ya nuna kansa da launi, domin kwana guda kafin nan yana da sauran haske amma ba maganin da ke kare yaran da suka shiga.

Baba ya dawo da yammacin ranar. Na yi masa gaisuwar rasuwa, ya amsa, ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ruwa ba ya tsami banza," ya ce. Ya sauka ɗakin injin, na bi shi. Ya ɗora tafinsa a kan bututun nan. "Taɓa ka ji."

Na taɓa. Sanyi, ba motsi.

"In yana aiki za ka ji yana rawa a hannunka. Ni kullum da shi nake farawa. In wannan bai yi rawa ba, duk abin da akwatin ya rubuta na jiya ne."

Kwana uku aka yi ana fama. Aka zuba kulorin mai yawa lokaci guda, aka goge bango da buroshi, aka riƙa wanke filta ta hanyar juya ruwa ya bi ta baya ya fitar da dauɗa, aka sayo tankokin ruwa aka cike abin da aka zubar. Na ce wa manaja gyaran shafin a kaina yake, ba zan karɓi ko sisi ba.

A daren na zauna da jadawalin na karanta gurbi na huɗu layi-layi. Wannan gurbin ba lamba ba ce da ake rabawa da wani abu. Makunnai 16 ne a jere, kowanne ko a kunne ko a kashe. A namu akwatin, na farko yana nufin ruwa na gudana, darajarsa 1. Na biyu injin asid na aiki, 2. Na uku injin kulorin na aiki, 4. Na huɗu jarka ta kusa ƙarewa, 8. Na biyar an daɗe ana ɗiga magani ba a ga canji ba har akwatin ya tsayar da kansa, 16. Sai a tara. Ashe 5 ɗin da na gani a baya 4 da 1 ce, ruwa na tafiya kuma ana zuba kulorin. 9 na nufin ruwa na tafiya amma a kawo sabuwar jarka. Kowane kamfani da yadda yake jera nasa, kada wani ya ɗauki wannan jerin ya kai kan wata na'ura. Amma a duk irin waɗannan akwatuna da na duba littafinsu daga baya, akwai gurbi makamancin wannan, kuma shi ne ke faɗa maka ko sauran lambobin abin yarda ne.

Na sake rubuta komai. Yanzu tambaya ɗaya ke ɗauko gurabe shida a tare, don pH da halin na'ura su zama na lokaci guda. In makunnin gudun ruwa yana kashe, shafin ba ya nuna pH da ORP ko kaɗan, layi biyu kawai yake zanawa a wurinsu da jan rubutu babba: RUWA BA YA GUDANA. Da Hausa na rubuta, don yaron da Baba su karanta ba sai an fassara musu ba. Ina cikin wannan na gano wani ramin da ban riga na faɗa ba. A tsohon tsarin, in waya ta tsinke ko akwatin ya mutu, shafin zai ci gaba da riƙe lamba ta ƙarshe da ya samu har abada. Saboda haka na ƙara wa kowane karatu lokacin da aka ɗauke shi. In ya wuce minti biyu ba sabo, lambobin su ɓace, a rubuta cewa ba a ji daga na'ura ba tun ƙarfe kaza. Sannan saƙo ya tafi wayar mutum uku ta Telegram, har da tawa.

Na kuma sa ya riƙa ƙirga saƙonnin da CRC ɗinsu bai yi daidai ba. Nan na ga duk lokacin da janareta ke aiki lalatattun saƙonni na ƙaruwa. Wayata ta bi ta bututu ɗaya da kebul ɗin wutar injin na wajen mita goma. Na raba su, na sa resista mai om 120 tsakanin A da B a kowane ƙarshen layi, na haɗa GND ɗin da na bari a sake tun farko. Ƙirgen ya sauko kusan babu. Kafin damina kuma na canja guntun MAX485 da irin wanda ke raba wutar ɓangarorin biyu, saboda tsawa. Na sha ganin yadda take ƙona kyamarori ta dogayen wayoyi a garin nan.

Da Alhaji ya dawo ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba. Abin da ya nema shi ne, tunda ana iya karantawa daga nesa, a ba shi maɓallin da zai ƙara kulorin ko ya rage daga wayarsa.

Ana iyawa. Buƙata mai lamba 06 tana rubuta gurbi ɗaya, mai lamba 16 (wato 10 a heks) tana rubuta da yawa. Na ma gwada a gaban Baba, bayan mun zare tiyo biyun daga jarkoki mun tsoma su a bokitin ruwa. Na so in saita pH a 7.4, na aika 740. Akwatin ya dawo da 01 86 03. In na'ura ta gane saƙonka amma ta ƙi shi, takan ƙara 80 na heks a kan lambar buƙatar, 06 ta zama 86, sannan ta faɗi dalili: 01 ba ta san wannan buƙata ba, 02 babu wannan gurbin, 03 ba ta yarda da abin da ka aiko ba. Ashe gurbin saiti da 10 ake ninka shi, 74 yake jira, alhali gurbin karatu da 100 ne. Wannan akwatin ya ƙi karɓa. Ba kowanne ke ƙi ba. Kuma in gocewar gurbi ɗaya da ta same ni wajen karatu ta same ni wajen rubutu, saitin pH zai faɗa gidan saitin ORP ko na iyakar lokacin ɗiga magani.

"Ranka ya daɗe," na ce masa, "karatu in an yi kuskure ido ne ya ga ba daidai ba. Rubutu in an yi kuskure asid ne zai shiga ruwan da yara ke ciki. Asid da kulorin kuma in suka haɗu ba ruwa mai gudu a tsakaninsu, iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum a wannan ɗan ɗakin. Ina roƙon a bar saiti a hannun wanda ke tsaye a gaban akwatin yana ganin ruwan."

Ya yi shiru, sannan ya tambayi Baba. Baba ya ce shi a shekara bai fi sau biyu yake taɓa saitin ba, lokacin shigowar zafi da lokacin hunturu. Aka bar maganar a haka. Akwai ma wani dalilin da ban kawo masa ba don kada in cika shi da bayani: ma'ajiyar da irin waɗannan na'urori ke adana saiti a ciki tana da iyakar sau nawa za a rubuta mata, manhajar da ke maimaita rubutu duk daƙiƙa goma tana iya gajiyar da ita. Na cire buƙatar rubutu gaba ɗaya daga cikin ESP32 ɗin.

Saura abu ɗaya da har yanzu muke kai ruwa rana a kansa da manaja. A shafin farko na sa wa ORP suna "kulorin", don ya fi sauƙin ganewa. Kuskure ne, na kuma gyara, amma sunan ya riga ya zauna a bakinsa. Kwalbar Baba ita ke auna yawan kulorin, ana so ya zauna tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. ORP kuwa ƙarfin aikinsa yake nunawa, ana nemansa daga 650 zuwa 750. Suna tafiya tare amma ba kullum ba. In pH ya hau, kulorin ɗin yana nan amma ya yi sanyi: a 7.5 kusan rabinsa ne ke cikin sigar da ke kashe cuta da sauri, a 8 kuwa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Garin kulorin da ake sayarwa a durom, wanda Baba ke jiƙawa, shi kansa yana tura pH sama. Sai ka ga kwalba ta ce akwai magani isasshe, ORP ya ce ƙasa yake, manaja ya ce ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Duka biyun gaskiya suka faɗa, asid ne ya ƙare a jarka.

Sansa ma tana gocewa da tsufa. A hunturun da ya wuce, da ƙura ta yi yawa, shafin yana cewa 7.4 kwalba tana cewa 7.8. Muka zare sansar, muka wanke bakinta, muka tsoma ta a ruwan gwaji mai pH 7 sannan mai pH 4, muka daidaita ta. Babu gurbin da zai gaya maka wannan, akwatin abin da sansa ta ba shi yake miƙowa da zuciya ɗaya. Shi ya sa na roƙi Baba kada ya ajiye kwalbarsa. Kowace safiya yana rubuta abin da ya gani a wani littafi da ke rataye da ƙusa a bayan ƙofa, ni kuma in na zo ƙarshen wata in kwatanta da abin da ESP32 ya tara. A gefen littafin na manna takarda cikin leda da na rubuta da hannuna: lambar kowane gurbi a jadawali, lambarsa a waya, da me ake raba shi, ma'auninsa, ko yana ɗaukar ragi, da ma'anar kowane makunni na gurbi na huɗu. Wanda zai zo bayana ba sai ya yi kwana biyu yana sauraron shiru ba.

Makon jiya, ana kiran assalatu, wayata ta yi ƙara. Ruwa ba ya gudana. Na jira aka idar da salla na kira Baba. Ya ce ai yana ɗakin injin, iskar daren ce ta kaɗo ganyen dogonyaro ya toshe kwandon tacewa, ya riga ya kwashe. Ina riƙe da wayar jan rubutun ya ɓace, 7.38 ta fito. Ya ce in tuna wa manaja maganar sabuwar sansar pH, wannan ta shiga shekararta ta biyu, kuma ruwan gwaji mai lamba 4 ya kusa ƙarewa.